Tantin Gaggawa da Ya Zama Asibiti: Tarihin Sashen Yara na Magariya

A ƙasar Waca, idan aka ce an wuce da yaro Magariya, ba a neman ƙarin bayani. Kowa ya san jiki ya yi tsanani, gidan likitan gari ya yi iya ƙoƙarinsa, sai an dangana da babban asibitin gunduma, inda ƙungiyar likitocin nan ta na-gari-na-kowa, wadda aka fi sani da MSF, take riƙe da sashen yara tare da ma'aikatar lafiya ta Nijar. Haka abin yake a Bande da Dancawo da Kwaya da Yekuwa da Sassumburum, haka yake a Dungas da Gushi da Malawa da Dogo-Dogo. Yaran da aka fara kwantarwa a wurin a 2005, waɗanda Allah ya raya, yau wasunsu sun yi aure, har sun fara kai nasu 'ya'yan. An kafa wurin ne don a tari masifar damina ɗaya. Ga shi ya haura shekara ashirin yana aiki, kuma har gobe babu mai iya faɗin ranar da za a daina buƙatarsa.

Baƙon da ya ji ana zancen tamowa a Magariya zai ɗauka wata busasshiyar ƙasa ce a bakin hamada. Kudancin Damagaram kuwa yana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Nijar, kuma yana cikin waɗanda suka fi cunkoson jama'a. Waca, tsohuwar masarautar Sosebaki kamar Dungas da Mirya, tana zaune a kan Korama, inda ruwa yake kusa, ana noman rake da rogo da dankali da kayan miya har da rani. Gonakin Magariya da Matamaye da Mirya su ne masana suke zuwa kallo daga ƙasashe masu nisa, saboda miliyoyin itatuwan gawo da manoma suka raya a cikinsu ba tare da an kawo musu dashe ba. Kafin nan ma ƙasar gyaɗa ce. Zamanin Turawa da farkon mulkin kai, gyaɗar wannan yanki tana cikin abin da ya riƙe baitulmalin Nijar. Kamfanin SONARA yana saye, har masana'antar tatsar mai aka kafa a Magariya. Farin shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka karya wannan ciniki, jama'a kuma ba ta daina ƙaruwa ba. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da 570,000 a gundumar Magariya, da sama da 350,000 a gundumar Dungas, wadda aka yanke daga cikinta a 2011. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yanzu jikoki ke rabonta kunya-kunya. A gidaje da yawa hatsin da aka girbe a Oktoba ba ya kai mutane bazara. Sauran shekarar sai awo a kasuwa, sai magidanta su bazama cin rani Kano ko Legas, wasu su yi arewa.

A kan wannan ƙasa ce daminar 2004 ta ɗauke da wuri, fara kuma ta sauka a wasu yankuna. Giɓin hatsin da hukuma ta lissafa tan 223,000 ne, adadin da Nijar ta taɓa ganin wanda ya fi shi. Farashi ne ya yi ɓarnar. Hatsi yana nan a kasuwa, ana kwasarsa zuwa Najeriya inda ya fi daraja, buhu ya doshi jaka 30 a wasu kasuwanni, dabbar da talaka zai sayar ya yi awo kuma ta rame, kuɗinta ya faɗi warwas. Cikin wannan hali aka ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan kayan masarufi a farkon 2005, abin da ya fito da jama'a kan titi a watan Maris ƙarƙashin ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa na su Nuhu Arzika. Gwamnati da masu ba ta tallafi suka tsaya a kan sayar da hatsi da rahusa, jaka goma buhu, wai kada rabon kyauta ya lalata kasuwa. Wanda ba shi da ko dala, rahusa ba ta tsinana masa komai ba. Firaminista Hama Amadu ya nemi agajin duniya a ƙarshen watan Mayu, duniya ba ta motsa sosai ba sai a Yuli, da hotunan yaran Maraɗi suka fita a talabijin ɗin BBC. Rabon kyauta ya kankama a Agusta. Cikin watan ne Kofi Annan, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, ya sauka Damagaram ya ga yaran da idonsa, a daidai lokacin da Shugaba Tanja Mamadu yake musun cewa akwai yunwa a ƙasar.

MSF ba baƙuwa ba ce a Nijar a lokacin. An kafa ta a Faris a watan Disamban 1971, kuma tushenta yana da nasaba da yankinmu. Wasu daga cikin likitocin da suka kafa ta, irin su Bernard Kouchner, sun yi aiki da ƙungiyar Red Cross a yaƙin basasar Najeriya, suka ga yara suna mutuwa da kumburin yunwa a Biyafara, suka koma gida da ƙudurin kafa ƙungiyar da za ta yi magani kuma ta faɗi abin da idonta ya gani. Ta fara aiki a Nijar a 1985, ta samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1999, reshenta na Faransa kuma yana kula da masu tamowa a Maraɗi tun 2001. Da al'amari ya rincaɓe a 2005 sauran rassan suka shigo. Reshen Suwizalan ya ɗauki jihar Damagaram, ya buɗe cibiya a cikin birni, sannan ya gangara Magariya. Farawa ce irin ta kowace cibiyar gaggawa: tantuna, tabarmi, sikeli, da ma'aikatan da aka ɗauka aka horar cikin 'yan kwanaki.

Abin da ya raba 2005 da yunwowin baya, irin 'Yar Buhari ta 1984, wata 'yar leda ce mai nauyin giram 92. Tarihin asibitin Magariya ba zai cika ba sai an tsaya a kan mutumin da ya ƙago abin da ke cikinta.

André Briend likita ne Bafaranshe da ya ƙare rayuwar aikinsa a kan abincin yara. Ya yi bincike a Senegal, ya yi a Bangaladash, yana neman amsar tambaya guda: cikin yaran ƙauye, wane ne ya fi kusa da mutuwa, kuma ta yaya za a gane shi da wuri? Yana cikin waɗanda suka nuna cewa kaurin damtsen yaro ya fi sikeli faɗin gaskiya a kan wannan. Sai dai gane yaron wani abu ne, warkar da shi wani abu ne daban. A wancan zamani maganin tamowa mai tsanani madara ce ta musamman, F-75 da F-100, wadda ake damawa da ruwa. Madarar tana aiki, amma sai da ruwa mai tsabta, kuma in ta ɗan jima a zafin ƙasarmu ta lalace ta zama guba. Saboda haka ba a ba uwa ta tafi da ita gida. Dole a kwantar da yaro da uwarsa kusan wata guda, ma'aikata suna dama madara dare da rana. A watan Agusta, uwar da ke da gona da goyo da wasu yara a gida, ina za ta samu wata guda? Kuma gado nawa za a jera a gundumar da yaranta masu tamowa suka kai dubbai? Yawancinsu a gida suke mutuwa, babu wanda ya rubuta sunansu.

Briend ya daɗe yana neman hanyar da za a zuba sinadaran madarar nan cikin abin da ba ya buƙatar ruwa. Ya gwada siffofi da dama suka ƙi, har ya lura da wani kwaɓin cakulan da Turawa ke shafa wa burodi, ya ga cewa maiƙo na iya riƙe komai ba tare da ya lalace ba. Shi da Michel Lescanne, wanda ya kafa kamfanin Nutriset a yankin Normandi a 1986, suka haɗa markaɗaɗɗiyar gyaɗa da garin madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki. A 1996 aka samu Plumpy'Nut. Leda ɗaya tana ɗauke da kalori 500. Da yake babu ruwa a ciki, ƙwayoyin cuta ba sa hayayyafa, tana iya shekara biyu ba ta ɓaci ba in ba a fasa ta ba, yaro kuma zai tsotse ta da kansa. An gwada ba iyaye ita su tafi gida a Habasha da Malawi a farkon shekarun 2000, aka ga alheri. Amma gwaji mafi girma a Nijar aka yi shi. A shekarar 2005 kaɗai MSF ta yi wa yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani magani a ƙasar, mafi yawansu ba su kwana asibiti ba, kuma kusan tara cikin goma sun warke. Ba a taɓa yin haka a ko'ina ba. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da Hukumar Abinci ta Duniya suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa da ta mayar da wannan hanya ƙa'ida. Abin da aka koya a Maraɗi da Damagaram shi ake bi yau daga Yaman har Sudan ta Kudu.

Duk sanda na tuna cewa gyaɗa ce ginshiƙin wannan magani, abin yana sosa mini rai. Uwayenmu da ke soya ƙuli-ƙuli suna matse tunkuza sun san darajarta tun kafin a haifi likitan. Madara da sinadaran ne suka fi ƙarfin aljihun talaka. Shi ya sa nake ganin ɗaya daga cikin abubuwa mafi kyau da suka fito daga 2005 shi ne fara sarrafa maganin a Yamai, a kamfanin STA, maimakon a jira shi kullum daga jirgin Faransa.

Tsarin da aka kafa a Magariya hawa biyu ne, kuma har yau shi ake bi. Yaron da damtsensa bai kai milimita 115 ba, amma yana iya ci, ba shi da wata cuta mai nauyi, ana rubuta shi a gidan likita na CSI mafi kusa, a sashen da ake kira CRENAS. Uwa ta karɓi ledojin mako guda, ta dawo awo mako mai zuwa; cikin mako shida zuwa takwas yawanci an sallame shi, kuma kwali ɗaya mai leda 150 kan ishi yaro ɗaya. Wanda ya ƙi ci, ko ya kumbura sosai, ko zazzaɓi ko gudawa ko ciwon haƙarƙari ya haɗu masa, shi ake turawa sashen kwanciya da ake kira CRENI a asibitin gunduma. Can ba a yi masa ɗura. Jikin da ya daɗe da yunwa ba ya jure abinci mai nauyi farat ɗaya, don haka ana farawa da F-75 kaɗan-kaɗan, wani lokaci ta siririyar roba a hanci, ana lulluɓe shi don sanyi yana kashe irin waɗannan yara ko da damina, sai hanjinsa ya farfaɗo a matsa gaba.

An yi zaton da kaka ta yi, tantuna za su naɗe. Daminar 2005 ta yi kyau, rumbuna suka cika, kyamarori suka koma inda suka fito. Da damina ta zagayo yara suka sake cika wurin. A nan ne ma'aikatan suka fahimci abin da mutanen ƙauye suka daɗe da sani: abin da duniya ta gani a 2005 kowace shekara yana faruwa, sai dai wata shekarar ta fi wata. Yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyu da ake ba kunun hatsi zalla, ba madara, ba ƙwai, ba wake, aka yaye shi da gaggawa don uwa ta samu sabon ciki, ga ruwan rijiya marar murfi, zai iya ramewa ko da rumbun ubansa cike yake. Wannan fahimta ce ta sa MSF ta zauna a Magariya, kuma ita ce ta mayar da tanti gini.

Gwamnatin Tanja ta yi abin yabo a wannan tsakani, kuma adalci ne a faɗe shi. Shirinta na musamman ya gina ɗakunan shan magani a ƙauyuka masu yawa, kuma a 2006 ta ayyana magani kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Binciken da aka buga a mujallar Lancet a 2012 ya nuna mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Nijar ta sauko daga 226 cikin kowane 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Amma gwamnatin nan ce ta dakatar da reshen Faransa na MSF a Maraɗi a watan Yulin 2008, tana zarginsa da kambama tamowa, har ya tattara ya bar aikin a Oktoba. Ina fahimtar zafin shugaban da yake ganin ana tallar ƙasarsa da hoton yaro mai haƙarƙari a waje. Mu ma abin yana yi mana ciwo. Duk da haka hukuncin kuskure ne, domin yaran Maraɗi ne suka biya kuɗinsa. Reshen Suwizalan ya ci gaba da aikinsa a Damagaram da Magariya. Wani alheri kuma ya ɓullo daga rikicin: likitoci 'yan ƙasa suka matso gaba. Ƙungiyar FORSANI ta karɓi aiki a jihar Maraɗi. BEFEN, wadda ɗaliban likita 'yan Nijar suka kafa a 2002, ta haɗa hannu da ƙungiyar ALIMA da aka kafa a 2009, suka riƙe gundumar Mirya, maƙwabciyarmu. Da sojojin Salu Jibo suka karɓi mulki a Fabrairun 2010, suka fito fili suka ce akwai yunwa, kuma a shekarar an yi wa yara sama da 300,000 maganin tamowa mai tsanani a faɗin ƙasar.

Girman asibitin Magariya na gaba sauro ne ya jawo shi. Ruwan da ya sa Korama ta yi albarka shi ne yake kwanciya a tabkuna da kududdufai daga Yuli zuwa Oktoba, daidai lokacin da rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai nuna ba. Yaro mai tamowa ba ya iya yaƙi da zazzaɓin cizon sauro, wanda zazzaɓi ya kayar kuma ya daina ci ya faɗa tamowa. Ba shi da ma'ana a ce wannan ɗaki na mai tamowa ne, a sallami mai jijjiga ko wanda jininsa ya ƙare. Sannu a hankali cibiyar tamowa ta zama cikakken sashen yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da ɗakin masu rai a hannun Allah, da iskar oksijin, da ɗakin jarirai, da wurin ajiyar jini. Allurar artesunate ta maye gurbin kinin bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haka a 2011. A 2012 hukumar ta amince da rigakafin zazzaɓi na damina, wanda a Nijar ake kira CPS, kuma Magariya tana cikin gundumomin farko da aka fara shi a 2013, tare da Madarunfa da Gidan Runji da Madawa da Buza. Yara sama da 200,000 suka sha a shekarar farko. Ana ba yaro ɗan wata uku zuwa shekara biyar magani sau ɗaya a wata tsawon damina: ranar farko a gaban mai rabo, kwana biyu na gaba uwa ce za ta ba shi a gida. Gwaje-gwaje sun nuna yana hana kusan kashi uku cikin huɗu na zazzaɓin, in an sha shi yadda ya kamata. A 2016 da 2017 aka buɗe wani sashen mai gado 200 a Dungas lokacin damina, don a rage wa Magariya nauyi, a kuma rage wa uwayen gabas tafiya.

Sai 2018 ta zo. Wanda ya yi aiki a wurin a wannan damina ba ya son tuna ta. An shirya gado 450, adadin da ya riga ya sa sashen cikin mafi girma irinsa a duniya. A watan Agusta kaɗai an kwantar da yara sama da 3,300. A Satumba MSF ta fito ta sanar da duniya cewa akwai yara 730 kwance a lokaci guda, 208 daga cikinsu a mawuyacin hali, kuma tsawon wata guda ana rasa kimanin yara goma kowace rana. Goma kowace rana, a asibiti ɗaya, ban da waɗanda suka cika a kan hanya, bisa amalanke ko bayan babur, ban da waɗanda ba a ma fito da su daga gida ba. Aka ƙara tantuna, aka kirawo ma'aikata daga sassan Nijar da ƙasashen waje, yara biyu ko uku suna raba gado. Kafin shekarar ta ƙare an kwantar da yara sama da 22,000. Abin da likitocin suka riƙa nanatawa shi ne yaran suna isowa a makare. Yaron da zazzaɓi ya kwana huɗu yana ci, jini ya ƙone, sukarin jikinsa ya faɗi, ko a wane asibitin duniya aka kai shi abin ya yi wuya.

A ganina wannan shekara ce ta raba tarihin wurin gida biyu. Kafin ta, ci gaba yana nufin ƙarin gado. Bayan ta kowa ya ga cewa babu yawan gadon da zai ishi yaran mutum miliyan guda, muddin sai sun galabaita za a kawo su. Aiki ya juya ya nufi ƙauye. Aka ƙarfafa gidajen likita na CSI da ɗakunan shan magani, aka buɗe ɗakunan farfaɗo da yara a wasu daga cikinsu don a tsayar da jijjiga a ɗaura ruwa kafin mota ta zo. Aka horar da wakilan lafiya daga cikin mutanen gari, aka ba su abin gwajin zazzaɓi na ɗigon jini da magungunan zazzaɓi da gudawa da ciwon haƙarƙari, don yaro ya samu magani a ranar da jikinsa ya yi zafi. A ƙaramar hukumar Bande har magani aka riƙa zubawa a kududdufai don kashe tsutsar sauro. Mafi burge ni a duka shi ne abin da ya fito daga Mirya. ALIMA da BEFEN suka ce me zai hana a miƙa wa uwa ma'aunin damtse? Aka gwada a yankin Dogo, aka kwatanta da Takeita inda wakilan lafiya suke awon, tsakanin 2013 da 2014. Sakamakon ya nuna uwaye, har waɗanda ba su taɓa zama a aji ba, suna awo daidai, kuma suna kawo yaransu da wuri, kaɗan ne ke kaiwa ga kwanciya. Kore lafiya, ɗorawa a kula, ja a tafi gidan likita yau. Wannan dabara ta bazu zuwa ƙasashe da dama, kuma ita ce ƙarshen hanyar da Briend ya fara a ƙauyukan Bangaladash: awo da magani duka sun koma hannun wadda take kwana da yaron.

Idan ana labarin irin waɗannan wurare, sunan ƙungiyar waje ke fitowa, hoton Bature da farar riga ke yawo. Gaskiyar ita ce mafi yawan masu aikin 'yan Nijar ne: likitoci da malaman jinya da suka yi karatu a Yamai da Damagaram, masu dama madara da tsakar dare, masu shara, masu wanki, direbobin da ke ratsa laka, masu gadin ƙofa da su ne farkon ganin uwar da ta iso da kuka. Akwai kuma uwayen kansu. Matar da ta bar gonarta a tsakiyar noma na biyu, ta bar sauran yara hannun kishiya ko kaka, ta kwana goma a gefen gado tana ba da madara duk bayan 'yan sa'o'i, ita ma ma'aikaciyar asibitin ce, ba ta dai karɓar albashi. Wasu daga cikin matan nan daga tsallaken iyaka suke zuwa, daga ƙasar Daura da Babura da Maigatari, domin cuta ba ta san iyakar Tinkim ba, zumunci ma bai san ta ba.

Akwai abin da ya kamata mu faɗa wa kanmu. Ledar maganin tamowa tana bayyana a kasuwanni, ana sayar da ita a faranti, manya suna sha. Wani lokaci uwa ce ta raba ta tsakanin yara uku don ba za ta iya kallon biyu suna kuka ɗaya yana ci ba. Wannan talauci ne, kuma maganinsa a duba gidan gaba ɗaya. Amma wanda ya karkatar da kwali daga ma'ajiya, da ɗan kasuwar da ya saya ya kasa, su sani kwalin nan ran yaro guda ne. Wannan zance ne da ya kamata limamai su ɗauko a huɗubar Juma'a, sarakuna su tsaya a kansa a fada.

Sai babbar tambaya, wadda tarihin wurin yake jefo mana. Asibitin gundumar hukuma ne, amma nauyin damina, daga magani zuwa ƙarin ma'aikata, ya daɗe a wuyan ƙungiyar da kusan duk kuɗinta daga aljihun mutane masu ba da sadaka a ƙasashe masu nisa yake fitowa. Maganin kyauta na 2006 ya sha fama da jinkirin biya, gidajen likita suna bin baitulmali bashin biliyoyin sefa, kantin magani ya bushe, uwa ta zo a rubuta mata takarda ta fita saye. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyakoki, kaya suka maƙale, farashin abinci ya tashi. A farkon 2025 hukumomi suka sallami kwamitin Red Cross na duniya daga ƙasar, a shekarar kuma Amurka ta zaftare tallafin da take ba lafiya da abinci a duniya, ciki har da kuɗin sayen irin wannan leda. Ana samun labari mai daɗi ma: a Satumban 2024 Nijar ta fara allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro daga Gaya. Amma ƙasar da take maganar cin gashin kanta, sashen yara na Magariya yana cikin wuraren da za a auna maganar. Ban ce baƙin da suka zo da alheri su tafi ba. Sun cancanci godiya da addu'a, Allah ya saka musu. Cewa nake kasafin ƙasa da na ƙananan hukumomin Waca da Bande da Dungas su fara ɗaukar albashin ma'aikatan damina da man motar ɗaukar marasa lafiya, tun baƙin suna nan ana koyon aiki a hannunsu. Attajiranmu na Damagaram da waɗanda Allah ya buɗa wa a Kano da Kwatano, masu gina masallatai a garuruwansu, su tuna cewa zakka da waƙafi suna hawa kan gadon asibiti da rijiyar burtsatse.

Kafin hukuma ta yi nata, akwai abin da ke hannunmu a damina mai zuwa. Iya, in masu rabon CPS sun wuce, ki ba yaro maganin kwana na biyu da na uku, kada ki ajiye shi sai ya kwanta. Ki auna damtsensa kowane mako, ki danna bayan ƙafafunsa biyu da yatsa. In ma'auni ya nuna ja, ko wurin ya lotsa bai taso ba, ki tafi gidan likita a ranar. Maigida, kada ka ce a jira ranar kasuwa kafin ka ba da izini da kuɗin babur. Samarin Waca masu ƙarfi a jika, ku da ke sarar rake da ɗaukar buhu, ku haɗa kanku ƙungiya-ƙungiya ku je asibitin Magariya ku ba da jini daga Agusta zuwa Oktoba, domin a waɗannan watanni uku ne yaran da zazzaɓi ya ƙone wa jini suka fi yawa.